Asalin Tambayoyin da Ake Yi wa Ɗan Wasan Kwaikwayo

Al'adar zaunar da ɗalibin wasan kwaikwayo a gaban 'yan ajinsu, suna tambaya yana amsawa da bakin wanda yake kwaikwayo, ana danganta ta da koyarwar Konstantin Stanislavski, wanda shi da Nemirovich-Danchenko suka kafa gidan wasansu a Mosko a 1898. A ganin Stanislavski hadda ba ta wadatarwa, sai ɗan wasa ya san ko shi wane ne da abin da yake nema. Makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA, da aka buɗe a Landan a 1904, har yau tana gwada masu neman shiga da jawabin kaɗaici, wato dogon zancen mutum ɗaya, galibi daga wasannin Shakespeare, kuma a nan ne ake gane wanda ya haddace kawai.