Ma'anar karin maganar Turanci kan fara aiki da yadda ake amfani da su

A unguwar Wuse da ke Abuja, inda hedikwatar jam'iyyar APC take a titin Blantyre, ta PDP a ginin Wadata Plaza, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma a shiyya ta 3, takardun sanarwa kan fito ɗauke da kalaman Turanci masu nufin soma wani abu. Fassara su kalma da kalma kan ɓatar da mai karatu.

"Flag off" ya samo asali daga tseren motoci, inda ake kaɗa tuta domin a tashi. A Turancin Najeriya yana nufin bikin soma aiki ko yaƙin neman zaɓe. Ya bambanta da "commission", wato buɗe aikin da aka kammala. Da yake akan fassara dukkansu da "ƙaddamarwa", mai sauraro na iya zaton an gama titin da ko kwalta ba a zuba masa ba. Ya fi dacewa a ce "an soma aikin" ko "an aza harsashi" a na farko, "an buɗe" a na biyu.

"Kick off" daga ƙwallon ƙafa ya fito, wato bugun farko a tsakiyar fili. Ana faɗarsa ga taro ko gasa: taron zai fara da ƙarfe goma.

"Get the ball rolling" na nufin ɗaukar matakin farko domin saura su biyo baya. Shugaban taro kan faɗe shi idan yana neman wanda zai buɗe tattaunawa.

"Hit the ground running" shi ne kama aiki gadan-gadan tun ranar farko. Sababbin masu riƙe da muƙamai sun fi yawan alkawarta shi.

"Start from scratch" ya fito daga layin da akan ja a ƙasa domin masu tsere. Ma'anarsa farawa daga tushe ba tare da komai a hannu ba, kamar ɗan kasuwar Wuse da gobara ta cinye wa shago.

"Back to square one" kuwa koma-baya ne bayan an yi nisa, abin da Bahaushe ke kira komawa gidan jiya.

Saboda haka, idan sanarwa ta zo da ɗaya daga cikinsu, abin dubawa shi ne matakin da aikin ya kai: biki aka yi, aiki aka kama, ko an gama.