Birnin Da Ya Kori Tafkinsa: Shekara 500 Ana Kokawa Da Ruwa A Meksiko

Yau za mu leƙa birnin Meksiko ne, babban birnin ƙasar da ke kudu da Amurka. Birni ne da ya taɓa yin shekara biyar cur a cikin ruwa, kuma yau ɗin nan mutanensa na kukan ƙarancin ruwan sha. Ta yaya abu biyun nan suka haɗu a gari ɗaya? To ku gyara zama.

Sai mun fara sanin yanayin wurin kafin labarin ya zauna. Birnin yana cikin wani kwari ne da duwatsu suka kewaye shi, kamar ƙwarya, a tudun da ya haura mita 2,200 daga teku. Babu kogin da ke fitar da ruwa daga kwarin. Duk ruwan saman da ya sauka, nan yake taruwa, shi ya sa a da akwai manyan tafkuna biyar a ciki. A tsakiyar mafi girmansu, tafkin Texcoco, mutanen Aztek suka kafa birninsu mai suna Tenochtitlan a 1325, a kan tsibiri.

Su Aztek zaman lafiya suka nema da ruwan. Kwalekwale ne abin hawansu, hanyoyin ruwa ne titunansu, kuma suna tara laka da ciyawa a bakin tafki su yi gonaki. Da ambaliya ta ci birnin wajajen 1449, sai sarkin Texcoco, Nezahualcoyotl, ya jagoranci gina wata ganuwa ta duwatsu da itace mai tsawon kimanin kilomita 16 a cikin tafkin. Aiki biyu take yi: tana tare ruwa idan ya yi yawa, tana kuma raba ruwan gishiri da ruwan daɗi.

A 1521 Turawan Sifaniya ƙarƙashin Hernán Cortés suka ci birnin da yaƙi. An fasa ganuwar, an rushe garin, suka gina sabo irin na Turai a kan kufansa. Suka cike hanyoyin ruwa don dawakai da keken doki su samu wurin wucewa, aka sassare itatuwan kan duwatsu, ƙasa ta riƙa zaizayowa tana cike tafki. Ruwa kuwa ba ya mantuwa da gidansa. Ambaliya ta zo a 1555, ta dawo a 1580, ta sake dawowa a 1604 da 1607.

Daga nan hukuma ta yanke shawarar da har yau birnin ke biyan kuɗinta: tunda ruwan ba shi da ƙofar fita, a huda masa ƙofa. Aka ɗora wa wani masani mai suna Enrico Martínez aikin haƙa rami a ƙarƙashin tudu, a wani wuri da ake kira Nochistongo, arewa da birnin. An fara a ƙarshen 1607, kuma cikin ƙasa da shekara ɗaya aka haƙa ramin mai tsawon kilomita shida da wani abu. Wa ya haƙa? Dubban 'yan asalin ƙasar da aka kwaso daga ƙauyukansu a kan aikin tilas, da diga da shebur. Sai dai ramin ya yi ƙunci, kuma bangonsa yana ta zubewa yana toshe hanya.

Sai watan Satumba na 1629. Aka kwana aka wuni ana tafka ruwan sama, a lokacin kuma bakin ramin a rufe yake. Gari ya waye birni ya koma tafki. Ruwan nan bai janye ba sai 1634. Ku ƙirga da kanku, shekara biyar. Kasuwa a kwalekwale, ibadar coci a kan rufin gidaje. Babban limamin cocin birnin ya rubuta wa sarkin Sifaniya cewa 'yan ƙasa kusan 30,000 sun mutu, kuma cikin iyalan Sifaniyawa 20,000 kimanin 400 kaɗai suka rage a garin. An kama Martínez an kulle, daga baya aka sake shi, don babu wanda ya san aikin kamarsa.

Sarki ya ba da shawarar a tashi birnin a mayar da shi kan tudu. Masu manyan gidaje da coci-coci suka lissafa dukiyar da za su bari, suka ce a'a. Maimakon haka sai aka ce a yaye rufin ramin a mayar da shi buɗaɗɗen kwazazzabo. Wannan aikin bai kammala ba sai 1789, bayan shekara sama da 150, kuma ya ci rayukan leburori masu yawan gaske.

A watan Maris na 1900, shugaba Porfirio Díaz ya buɗe abin da aka ɗauka shi ne maganin ƙarshe: wata babbar magudana mai tsawon kilomita 47, wadda kamfanin wani ɗan Ingila, Weetman Pearson, ya yi aikin haƙarta, haɗe da ramin da ke fitar da ruwan daga kwarin gaba ɗaya. An yi ta ne da gangara, ruwa ya riƙa tafiya da kansa ba tare da inji ba. Tafki ya ci gaba da ƙafewa, aka bi busasshiyar ƙasar da gine-gine.

To a nan ne gizo ke saƙar. Ƙasan tsohon tafkin yumɓu ne mai laushi, cike da ruwa kamar jiƙaƙƙen soso. Jama'a na ƙaruwa, ana ta haƙa rijiyoyin burtsatse ana zuƙe ruwan ƙasa, sai yumɓun ya riƙa motsewa. A 1947 wani injiniya, Nabor Carrillo, ya nuna cewa zuƙar ruwan nan ce ke sa birnin nutsewa. A ƙarni na 20 kaɗai, tsakiyar birnin ta yi ƙasa da kusan mita 10. Akwai wani dogon ginin tunawa da 'yancin kai da aka kafa a 1910 a kan tushe mai zurfi: shi ya tsaya, titin da ke kewaye da shi ya sauka, har sai da aka ƙara masa matakala fiye da goma.

Ita kuwa magudanar Díaz, da gari ya sauka sai gangararta ta ɓace. Dole aka kawo manyan injinan famfo suna tura ƙazamin ruwa sama. A 1951 tsakiyar birni ta sake cika, mutane suka koma shiga kwalekwale kamar kakanninsu. A 1975 aka buɗe sababbin magudanai can cikin ƙasa inda nutsewar ba ta kai ba. A 2019 aka ƙara wani ramin mai tsawon kilomita 62 da faɗin mita bakwai, bayan shekara 11 ana aiki.

Yanzu ku dubi lissafin. Ruwan damina ana haɗa shi da na bayan gida a kore shi daga kwarin. Ruwan sha kuma, wani kaso ana janyo shi daga madatsu masu nisan sama da kilomita 100, a hau da shi tudu fiye da mita 1,000. Sauran a zuƙo daga ƙasa, gari ya ƙara nutsewa, bututai su farfashe, magudanai su karkace. Har girgizar ƙasar 1985 ta fi yin ɓarna a unguwannin da ke kan tsohon tafkin, saboda laushin ƙasar. Kwanan nan ne hukuma ta fara waiwaye: an soke aikin filin jirgin saman da aka fara a kan ragowar tafkin Texcoco, a 2022 kuma aka ayyana wurin a matsayin keɓaɓɓen yanki don ruwa ya samu wurin kwanciya.

Ban ce kwalbati da magudana ba su da amfani ba, ramukan nan sun ceci rayuka ba adadi. Amma duk wanda ya san tsohon birnin Kano ya san kududdufai, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini suka zama matattarar ruwan damina. Nawa aka cike da shara aka yanka filoti? Ruwan da ke kwana a cikinsu bai daina sauka ba, ɗakunan mutane yake shiga yanzu.

Ku gaya mana a ƙasa: a unguwarku akwai kududdufi ko rafin da kuka taso kuka gani, yau babu shi? Me aka gina a wurin, kuma ina ruwan ke bi idan an yi mamako? Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu damina mai albarka.