Daga Zauren Madabo zuwa Ajin Adabi

Ɗalibin da ke haddace jigo, salo, amsa-amo da kambamar zulaƙi don jarrabawa zai ɗauka jiya aka ƙirƙiro su. Wasunsu sun daɗe a cikin ganuwar Kano.

Tun kafin boko, malaman zaure a Madabo da sauran unguwannin birni suna karantar da balaga da aruli, ilimin ma'aunin waƙa da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Daga nan baiti, ƙafiya da tahamisi suka shigo bakin Bahaushe. Tahamisi kuwa ba sai an yi wa Bakano dogon bayani ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin karatun Ishiriniya a watan Maulidi ya ji yadda Ibnu Mahibu ya ɗora ɗango uku a kan kowane biyu na Alfazazi, baiti ya zama ƙwar biyar. Kunne ya riga alƙalami sanin wannan. Marubuta waƙoƙin ajami suka ɗauki ma'aunan, suka zuba Hausa a ciki, suka kuwa zauna daram, domin Hausa ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi.

A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Ita ce ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama jami'a a 1977. Malamanta suka fuskanci tambaya mai nauyi: da wane harshe za a feɗe adabin Hausa? M.K.M. Galadanci ya bi diddigin auren arulin Larabci da waƙar Hausa. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanya a Gadon Feɗe Waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka nata jagoran. Kamance, siffantawa da mutuntarwa suka samu gurbi kusa da zambo, habaici da kirari, waɗanda maroƙan fada suka daɗe suna sarrafawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da waɗannan kalmomi a yau, a jere a kan allo, babu waƙa ko ɗaya a kunnen yaro. Malaman zaure rera baitin suke yi tukuna, sannan su faɗi sunan bahar ɗinsa, wato ma'auninsa.