Daga Ɗakin Gwaggo Zuwa Kujerar Farfesa: Tarihin Sulhun Aure a Ƙasar Kankiya da Kusada

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya yayata ta yi yaji. Da hantsi ta iso Kusada daga Kankiya, goye da ɗa, ƙullin kaya a ka, idanu jawur. Mahaifinmu bai tambaye ta komai ba, sai ya aika aka kira gwaggo. Kwana uku suna ɗaki ɗaya. A rana ta huɗu dangin miji suka zo biko da goro da turmin atamfa, liman ya zauna a zaure, aka saurari kowa, aka yi wa mijin faɗa a gaban wansa. Ta koma ɗakinta, auren kuwa yana nan har gobe. Sai da na shiga jami'a na ji cewa abin da gwaggo ta yi a kwana ukun nan fanni ne na ilimi, har mutum yakan zama farfesa a kansa.

Sulhun aure a ƙasarmu ya girmi allon boko. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tayar da mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka, malaman Malikiyya kuma sun yi wa hukuncin sharhi. Al'ada ta shimfiɗa masa matakai: gwaggo da kaka, sai waliyyai, sai liman da mai unguwa, sai dagaci. Abin da ya gagari waɗannan yakan kai gaban hakimi, wato Kangiwan Katsina a Kankiya ko Bebejin Katsina a Kusada, kafin a dangana da alƙali. Wannan bai hana aure mutuwa ba. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya kawo rayuwar wata Bahaushiya ta ƙasar Zazzau da ta yi aure huɗu. Abin da tsarin ya tabbatar shi ne mace ba ta rasa wurin kai kuka.

A Amurka an mayar da wannan aiki sana'ar masu digiri, lokacin da birane suka raba ma'aurata da danginsu. Emily Mudd, wadda aka haifa a 1898, ta jagoranci wata cibiyar ba ma'aurata shawara da aka buɗe a birnin Filadelfiya a farkon shekarun 1930. Ta daɗe tana sauraren ma'aurata kafin ta sami digirin digirgir a 1950. A 1956 ta zama mace ta farko da ta kai cikakkiyar farfesa a makarantar likitanci ta Jami'ar Fensilbaniya. Ta rasu a 1998. Darasin rayuwarta a wurina shi ne aiki ya riga kujera zuwa.

A Nijeriya kuwa fannin ya shigo ta ƙofar makaranta. A 1959 wasu mata masu hidimar cocin Katolika a Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata domin su shawarci ɗalibai masu fita kan zaɓen sana'a. A 1976 aka ƙaddamar da ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, Farfesa Olu Makinde ne shugabanta na farko, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da fannin. Shi ya sa a jami'o'in Arewa, kamar Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, a tsangayar ilimi ake karanta shi, maganar aure kuma reshe ce a cikinsa.

Malamar da ta koya mini wannan darasi ta hau tsanin ne tun daga ƙasa: mataimakiyar malami, digiri na biyu, na uku, babbar malama, har kujerar farfesa, kowane mataki da ƙasidun da aka tantance da ɗaliban da ta duba. Amma ta taɓa gaya mana cewa mafi nauyin aikinta ba ya cikin takardun ƙarin girma. Yana cikin matan da ke ƙwanƙwasa ofishinta bayan la'asar, su rufe ƙofa, su yi kuka.

Bukatar ba ɓoyayya ba ce. A 2012 hukumar Hisba ta Kano ta fara auren zawarawa a ƙarƙashin gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, a 2017 kuma Sarki Muhammadu Sanusi II ya fito da batun kundin dokar iyali, aka yi ta muhawara. Duka biyun amsa ce ga ciwo ɗaya: tsohon zaure ya yi rauni. Ci-rani da aikin gwamnati sun kai amare Abuja da Legas, inda babu gwaggo, saki kuma yakan iso ta saƙon waya kafin wani babba ya ji.

Yau Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyarmu ce. Sai dai kusancin hanya ba shi ne kusancin magana ba. Farfesa na rubutu da Ingilishi domin mujallar da matar Kusada ba za ta taɓa gani ba, gwaggo kuma ta san mutane amma takan ce a yi haƙuri ko inda haƙuri ya zama cuta, kamar duka da hana abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwaggo ta rasu ban tambaye ta abin da ta faɗa wa yayata ba. Wannan ilimi da shi aka binne ta. Idan da abin da nake roƙon shehunan malamanmu, shi ne su zo Kankiya da Kusada da alƙalami, su zauna a tabarmar tsofaffin da suka rage, su rubuta da Hausa, tun kafin ƙasa ta rufe sauran.