Ginin Tukwane na Haɗin Gwiwa a Tsohuwar Abuja, 1950–1984: Wa Ke da Zanen?

1.0 Gabatarwa

A cikin shekaru ashirin da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an buɗe wasu wuraren aikin hannu a Nijeriya waɗanda tsarinsu ya saɓa wa na makarantar boko, ya kuma saɓa wa na gidan gado. Ba takardar shaida ake dubawa kafin a karɓi mutum ba, ba kuma lalle sai ya gaji sana'ar ba. Alal misali, a 1947 limaman Katolika suka kafa wurin sassaƙa da saƙa a Oye-Ekiti, inda Lamidi Fakeye ya yi aiki. A 1962 Duro Ladipo da Ulli Beier suka buɗe Mbari Mbayo a Oshogbo, inda bitar da Georgina Beier ta gudanar a 1964 ta fito da masu zane irin su Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh. Wannan maƙala za ta dubi irin wannan wuri da aka kafa a Arewa, watau Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja, garin da a yau ake kira Suleja. Abin da za a bi diddiginsa shi ne yadda shirin da aka tsara domin koyarwa ta fuska ɗaya ya rikiɗe ya zama aikin gayya, da kuma tambayar da wannan ya haifar: idan hannuwa da yawa suka taru a kan tukunya ɗaya, wa ke da ita?

2.0 Garin da Baƙon

Abuja ta asali masarautar Hausawan Zazzau ce. Bayan jihadi ya fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya, sai ƙanensa Abu Ja ya kafa garin a 1828, a tsakiyar ƙasar Gwari (waɗanda ke kiran kansu Gbagyi) da Koro da sauran ƙabilu. Saboda haka tun farko gari ne na cuɗanya: sarauta da harshen kasuwa na Hausa, amma noma da ginin tukwane galibi a hannun mutanen ƙauyukan da ke kewaye.

Michael Cardew, wanda aka haifa a 1901, shi ne almajiri na farko da Bernard Leach ya ɗauka a St Ives ta ƙasar Ingila a 1923. Ya taɓa aiki a Gwalkwas, watau Ghana ta yau, daga 1942 zuwa 1948, a Achimota sa'an nan a Vume, kuma duk wuraren biyu ba su yi nasarar kasuwanci ba. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi a matsayin jami'in ginin tukwane a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu. Ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da magina, ya rubuta rahoto. Ra'ayinsa a nan abin lura ne: tukwanen gargajiya ba su bukatar gyara, domin sun dace da murhu da aljihun masu amfani da su. Abin da ya ga babu shi ne kayan cin abinci masu ƙyalli irin na tangaran, kamar faranti da kofi da butar shayi, waɗanda ma'aikata ke saye daga ƙasashen waje. Su ya yi niyyar koyar da yi.

An zaɓi Abuja a 1951, aka fara aiki a 1952. Akwai itace, akwai ruwa, akwai yumɓu, ga kuma goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, mutum mai ilmin zamani kuma mai tara tukwanen ƙasarsa. Illar wurin ita ce nisa da jirgin ƙasa, sai an je Minna. Ga mai sana'ar da kayanta ke fashewa, wannan ba ƙaramar illa ba ce.

3.0 Yadda Koyarwa ta Juya

Ɗaliban farko duk maza ne. Manufar ita ce a koya musu gini a kan faifan juyi, da haɗa yumɓu, da shafen ƙyalli, da gashi a matoya mai rufi wadda ake hura wa itace har zafinta ya haura digiri 1,200, sa'an nan su koma garuruwansu su kafa nasu. An gwada haka a Sakkwato da Kano, amma ba a daɗe ba. Babban mataimakin Cardew shi ne Kofi Athey, mutumin Ghana, wanda suka yi aiki tare tun a Vume.

Wannan tsari ya tsallake wani abu da ke gaban idon kowa. A ƙasar Gwari mata ne magina. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ne Cardew ya fara ganin tulunan wata maginiya daga ƙauyen Kwali mai suna Ladi, wadda aka haifa wajen 1925, ta kuma koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A ƙarshen 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko.

Ya kamata a tsaya a kan yadda take gini, domin a nan ne dukan batun yake. Maginiyar Gwari ba ta da faifai. Takan aza curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jawo bangon sama daga ciki, sa'an nan ta murza igiyoyin yumɓu tana ɗorawa tana shafewa. Tukunya tana zaune wuri ɗaya, ita maginiyar ce ke zagaya ta. Idan jikin ya ɗan sha iska, sai a kawo ado: a gangara murɗaɗɗen zare ko ɗan itace mai tsaga a wuya da kafaɗa, a raba cikin tulun gida-gida, a zana kunama ko ƙadangare ko kada ko hawainiya ko maciji ko kifi ko tsuntsu a cikin kowane gida. Gashi kuwa a fili ake yi, da itace da ciyawa, cikin ɗan lokaci, kuma akan yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafi. Wutar ba ta kai ta narkar da yumɓun ba, saboda haka jikin tulun yakan riƙa tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska na busarwa. Wannan tsattsafowa ita ce ke sanyaya ruwan randa.

Ladi Kwali ta koyi faifan juyi, ta yi faranti da kwanuka da kofuna kamar sauran ɗalibai, tana zana su da ƙayar beguwa. Amma ba ta bar nata ginin ba. Sai aka shiga gwaji: ta gina tulu irin na Kwali da hannu, amma da yumɓun cibiyar mai jure babbar wuta, ta zana dabbobinta, a cike tsagogin da farar ƙasa, a lulluɓe shi da ruwan ƙyalli mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa, a gasa a matoyar Cardew. Abin da ya fito bai taɓa kasancewa a Kwali ba, bai kuma taɓa kasancewa a St Ives ba. Siffa da zane nata ne da na matan da suka koya mata. Haɗin yumɓu da na ƙyalli na Cardew ne, wanda ya yi shekaru yana gwada duwatsu da toka da farar ƙasar Filato. Niƙa da kwaɓi da faskare da tsaron wuta dare da rana kuwa aikin mazan cibiyar ne, waɗanda ba kasafai ake ambaton su ba.

Har ila yau, aron bai tsaya ta fuska ɗaya ba. Cardew ya ɗauki siffar tukunyar miya ta Gwari ya mayar da ita tukunya mai murfi da hannuwa, ya ci gaba da yin ta har bayan komawarsa Ingila, yana kiran ta da sunan Gwari. Maza ɗalibai sun ɗauki salon zanen mata sun sa a kan abin da suka juya a faifai. Bayan Ladi wasu mata suka shigo, daga cikinsu akwai Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, aka riƙa gina manyan tuluna da hannu a gefe guda, ana juya ƙananan kaya a ɗaya gefen. Siffofi da zane-zane suka zama kamar rumbun gandu, kowa na ɗiba, kowa na zubawa.

Ga masu nazarin harshe akwai abin dubawa a nan. Taron ya haɗa Gwari da Hausawa da mutumin Ghana da Bature, kuma Hausa ce harshen da ya fi haɗa mutanen wannan yanki. Ita kuwa Hausa kalma ɗaya take amfani da ita ga mai tayar da soro da mai tayar da tulu: duka gini suke yi, shi magini, ita maginiya. Kalmar ta dace da aikin Ladi sarai, domin ɗori take yi sahu bisa sahu kamar mai jera tubali. Ba ta dace da faifan juyi haka ba, inda ake jawo siffa daga curi ɗaya cikin 'yan mintoci, amma duk da haka ita ce ta ci gaba da ɗaukar ma'anar duka biyun.

4.0 Hatimi Biyu

Kayan da suka fito daga cibiyar galibi suna ɗauke da hatimi biyu a gindinsu: ɗaya na wurin, an rubuta "Abuja" da ajami, ɗaya na maginin, da haruffan boko, kamar LK ko MC. Wannan al'ada ce ta ɗakunan gini na Ingila, ba ta Kwali ba. A ƙauye ana gane hannun maginiya da ido, kuma zanen kunama ba na kowa ba ne. Hatimin ya yi adalci ta wata fuska, tun da ya hana a jingina aikin kowa ga Bature. Ta wata fuskar kuwa ya ware mutum ɗaya daga cikin taro, kuma kasuwa ta bi wannan wariya.

An nuna kayan Abuja a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma tulunan Ladi Kwali ne suka fi jan hankali. Ta je Ingila tana gini a gaban jama'a, aka ba ta lambar MBE. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta sami lambar NNOM a 1980, da OON a 1981. Babu mai ja da cancantarta. Sai dai sunan wadda ta koya mata bai shiga kundi yadda nata ya shiga ba, haka nan sunayen masu hura wutar da in sun yi gyangyaɗi aikin wata guda ya lalace.

Akwai kuma wadda aka bari a baya gaba ɗaya, watau mai ɗaukar ruwa. Tulun da aka gasa a babbar wuta aka shafe da ƙyalli ya yi nauyi ƙwarai, kuma ya daina tsattsafowa, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Siffarsa ta tulu ce, amma mazauninsa ya koma falo da gidan tarihi. Wannan shi ne iyakar haɗin gwiwar Abuja: an buɗe ƙofa ga masu yi, ba a buɗe ta ga masu amfani ba. Ko kayan cin abincin da aka kafa wurin dominsu ba su iya gogayya da kwanon samira mai araha wanda ba ya fashewa ba, kuma masu sayensu galibi Turawa ne da manyan ma'aikata. Idan aka auna cibiyar da manufar 1950, ba ta cim ma buri ba. Abin da ya ɗaukaka sunanta abu ne da ba ya cikin shirin.

Cardew ya yi ritaya a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi har zuwa 1972. A 1969 Cardew ya buga littafinsa Pioneer Pottery, inda ya shimfiɗa yadda ake nemo yumɓu da duwatsu da haɗa ƙyalli da gina matoya a wurin da babu kantin sayen kayan aiki, domin duk mai so ya ɗauka. Ɗaliban cibiyar sun yaɗa sana'ar zuwa Jos da Minna da Kaduna, kuma a 1974 Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurin matan cibiyar, abin da ya zama tushen aikin da ya sa ta shahara a Ingila.

A 1976 aka yanke shawarar kafa sabon babban birnin tarayya, ya ɗauke sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Kwali ta faɗa cikin yankin birnin tarayya, cibiyar kuwa ta zauna a Jihar Neja, daga baya aka sa mata sunan Ladi Kwali. Cardew ya rasu a 1983, Ladi ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. A 2007 aka sa hotonta a bayan takardar naira 20, kuma a 2022 aka nuna tulunanta a Two Temple Place da ke Landan, a jere da aikin Odundo da na wasu mata magina da suka biyo baya. A gindin irin waɗannan tuluna hatimin ajamin yana nan, yana ɗauke da sunan garin da yanzu ake kira da wani suna.