Yoyon ƙwaƙwalwa a burauza

Yoyon ƙwaƙwalwa matsala ce da ke faruwa idan manhajar yanar gizo ta ci gaba da riƙe gurbin ajiya bayan ta gama amfani da shi. An fi ganin ta a manhajojin da ke daɗewa a buɗe ba a sake loda su ba, irin su Gmail. A hankali shafin yakan yi nauyi, daga baya ya tsaya cak.

JavaScript, harshen da ake rubuta irin waɗannan manhajoji da shi, na share duk abin da babu mai nuni gare shi. Saboda haka yoyo na samuwa ne idan wani nuni ya saura: agogon setInterval da ba a tsayar ba, ko maɓallin da aka cire daga shafi amma wani ɓangaren lamba na riƙe da shi.

Don gano shi, masu gina manhaja kan ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a Chrome DevTools, su maimaita aiki ɗaya, misali buɗe taga da rufe ta, su sake ɗauka, sannan su kwatanta. Abin da adadinsa ke ƙaruwa shi ake bi. A Firefox, shafin about:memory na nuna rabon ajiyar. Mozilla, mai Firefox, ta ƙaddamar da shirin MemShrink a 2011 don rage yawan ƙwaƙwalwar da Firefox ke ci.