Hysteria: Faifan da ya ɗaukaka Def Leppard

Hysteria shi ne faifai na huɗu na ƙungiyar mawaƙan Def Leppard ta birnin Sheffield a Ingila, kuma ya fito ne a watan Agustan 1987.

Ana sanya shi a sahun gaba na salon kiɗan da ake kira hair metal, sunan da ya samo asali daga tulin gashin da mawaƙan ke tarawa.

An shafe kimanin shekara uku ana aikinsa. A ranar 31 ga Disamban 1984, mai kiɗa wa ƙungiyar ganga, Rick Allen, ya yi hatsarin mota ya rasa hannun hagu. Abokansa ba su sallame shi ba. An ƙera masa ganguna masu aiki da lantarki, ya koyi kaɗawa da ƙafar hagu a madadin hannun.

Mai tsara sautin faifan, Mutt Lange, ya so kowace waƙa ta karɓu a gidajen rediyo, don haka aka riƙa ɗora murya kan murya, jita kan jita.

Wannan ne dai ya raba kan masoya kiɗan rock mai ƙarfi. Wasu na ganin an tausasa shi fiye da kima, amma akasari abin da ke jan su shi ne amshin da dubban mutane ke iya rerawa tare a filin wasa.

Waƙar Love Bites ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1988, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 20 na faifan a duniya.